Tasar gujiya ranar jawabin shugabanni: in ci gaba ko in bari?

Maman Tawai, Mabera:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, amma sai na faro muku daga tushe, don in na jefo ta haka kawai ba za ku gane abin da ke cin raina ba. Roƙona ɗaya tun yanzu: kada wani ya kawo sunan jam'iyya ko na wani shugaba. A gidanmu an ga shugabannin da aka so, an ga waɗanda ba a so, kuma sau da yawa wanda Baba ba ya son jin muryarsa shi ne Kawu ke liƙa hotonsa a ƙofar shago.

A Rijiyar Dorawa na tashi. Babanmu malamin firamare ne, shekara 35 yana riƙe da alli kafin ya ajiye aiki. Mutum ne da labarai ba sa wuce shi. Duk ranar 1 ga Oktoba, bayan an dawo masallaci an yi karatun safe, zai shimfiɗa tabarma gindin dogon yaron da ke tsakar gida, ya kifa turmi ya ɗora rediyo a kai. Ƙarfe 7 na bugawa tashoshi duk su haɗe da Abuja, a buga taken ƙasa, mai jawabi ya fara. Daga nan gidan ba ya sake zama lafiya. Baba zai riƙa mayar wa rediyo da magana, jijiyar wuyansa ta tashi, ya miƙe ya zauna, ya sake miƙewa. Wata shekara, lokacin soja, malamai na bin bashin albashi na watanni, aka zo wurin da mai jawabi ke yabon yadda ake kula da ma'aikata. Baba ya zare takalmi ya jefi rediyon, eriya ta karye. Ranar bai ci tuwo ba har dare. Ba a daɗe ba asibiti suka ce hawan jini gare shi.

Innarmu ba ta jin Turanci, kuma ba ta taɓa cewa uffan kan siyasa ba. Jawabin da ya biyo baya sai ga ta ta fito da gujiyar da take ɓarewa (gyaɗa ke nan, ga mutanen Kano) da wata ƙaramar tasa, ta zauna nesa kaɗan, ta ce wa Yayanmu ya riƙa juya mata abin da ake faɗi. Yaya ya ce, "Ya ce za su gyara wuta." Sai muka ji ƙwal a cikin tasa. "Ya ce za su samar da ruwan sha." Ƙwal. "Za su farfaɗo da noma." Ƙwal. A na biyar ko na shida Baba ya waiwayo a fusace ya ce, "Ke, mi ki ka yi haka?" Ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Ajiya ni ka yi mai, Malam. Alkawullan sun yi yawa, kada ya mance."

Har yau ina ganin fuskar Baba a lokacin. Ya yi shiru, leɓensa na rawa, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke sa mutum dafa ƙasa. Ya ce a miƙo masa tasar. Sauran jawabin da hannunsa ya ƙirga.

Daga ranar abin ya zama al'adar gida, kuma a hankali ya yi dokoki. "Za mu" gujiya ɗaya. "Nan ba da jimawa ba" gujiya biyu. In aka ce an kafa kwamiti, a ɗebo cikin hannu a zuba, don Baba ya ce wannan alkawari ne mai 'ya'ya. In aka ce jama'a su ƙara haƙuri, kowa ya kurɓi ruwa, Inna ta ce haƙuri ba ya wucewa maƙogwaro sai da ruwa. Akwai kuma dabino, ana ajiye ƙwaya biyar a gefe. Ba a jefa shi sai an ambaci aikin da wani a cikin gidan ya gani da idonsa an gama. Kuma ana jefawa, ba a ha'inci. Na tuna Baba ya taɓa jefa dabino da kansa wa shugaban da ba ya ƙauna ko kaɗan, saboda wata hanya da ya bi ya ga kwalta, ya ce gaskiya ko ta maƙiyi ce sunanta gaskiya. Kafin a fara kowa zai faɗi adadin da yake zato, wanda ya fi kusa an ɗauke masa ɗebo ruwa ranar. Ana gamawa Inna ta soya gujiyar da yashi, a sha da kunu.

Abin da Baba bai yarda da shi ba kuwa shi ne zagi. Ba a taɓa iyayen mutum, ba a taɓa ƙabilarsa, ba a kwaikwayon halittarsa. Ƙanena ya taɓa kwaikwayon yadda wani shugaba ke tari a tsakiyar magana, nan take Baba ya kashe rediyo ya ce a ɗauke tasa, wasan bana ya ƙare. Kuma ba a tashi sai ya ɗaga hannu ya ce Allah ya shirye su, ya shirye mu, ya ba su mashawarta nagari.

Ni dai abin da na sani, saboda tasar nan muka riƙa sauraron jawabi daga farko har ƙarshe, alhali a makwabta kashe rediyo ake yi. A nan na fara sanin mene ne kasafin kuɗi, da bambancin aikin tarayya da na jiha. Kuma Baba bai sake jifar rediyo ba.

Da Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, tasar ta faɗo hannuna cikin kayan ɗakinta, na zo da ita Mabera. Ina yi da yarana: 1 ga Oktoba, jawabin sabuwar shekara, 12 ga Yuni tun da aka mayar da ranar dimokuraɗiyya can a 2019, har da ranar gabatar da kasafi in da wuta. Sau ɗaya ne muka zauna da tasa ba a yi dariya ba, ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi. Wannan ba "za mu" ba ne. Kafin la'asar gidajen mai sun fara rufewa, cikin 'yan kwanaki litar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500. Ranar gujiyar miya na yi da ita.

To ga abin da ya kawo ni. Makon jiya yayan maigidana ya zo gaishe mu. Mutum ne mai kirki, yana kuma cikin harkar siyasar unguwa. Yana wasa da yara, sai ya dafa kan Hassana, mai shekara 7, ya ce, "In kun ci jarrabawa zan saya muku keke." Yarinyar nan ba ta ce komai ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da tasa da gujiya ɗaya, ta tsaya gabansa ta jefa. Ƙwal. Husaini ya fashe da dariya. Baffan nasu ya san al'adar, don ya taɓa tarar da mu muna yi. Fuskarsa ta sauya, ya yi sallama ya tafi, ko ruwan da na kawo bai sha ba. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Maigidana ya ce daga yau kada ya ƙara ganin tasar nan, wai ina koya wa yara raina manya. Ban musa masa ba, amma raina bai kwanta ba, don a wurina wannan tasar ita ta tsare lafiyar mahaifina, kuma ita ce abin Inna da ya rage mini mai rai. Shin akwai masu irin wannan al'ada a gidajensu? Yaya kuke yi da yara ƙanana? Kuma ku faɗa mini tsakani da Allah, tarbiyya nake ɓatawa?

Tsohon Akawu, Kanwuri:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah shi jiƙan Innarku, mace ce mai hikima, ta yi wa mijinta magani ba tare da ta ce mai "yi haƙuri" ba.

Mu da munka girma da rediyo mun san jawabi iri biyu ne. Akwai na ranar biki, wanda kowa ya san da zuwansa. Akwai kuma wanda kiɗan soja ka riga da asuba, wannan ba a yi mai dariya sai an ji inda ya dosa. Ban mance safiyar Asabar 31 ga Disamba 1983 ba, da anka kifar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. Garin ga tsit ya yi, don namu ne, malamin makaranta da mutane da yawa sunka sani ido da ido. Shekarar da ta biyo anka yi Doka ta 4, wadda ta kai 'yan jarida kurkuku. A zamanin nan in za ka yi raha kan mai mulki sai ka duba wa ke zaune a zaure. Don haka cikin gida kaɗai abin ya rage, kuma a cikin gidan ya rayu.

Kuma kada wani shi ce miki baƙon abu ne. Ƙasar Hausa ta san wasan gauta, inda matan fada ka shiga kayan sarki da na fadawa su kwaikwayi zaman fada, sarki na kallo, ya ga abin da ba mai iya hwaɗa mai baki da baki. Ta san 'yan kama da ka juya karatun malamai shi koma zancen tuwo da miya. Ta san tashe, goma ga azumi, yara na wasa da halin manya ƙofa ƙofa ana ba su hatsi. A gidana, in an ƙare jawabi, jikana ƙarami mu ka sa wa babbar rigata da hula, shi hau kujera shi ba da amsa a madadin talakawa. Bara cewa ya yi gwamnati ta rage kuɗin biredi kuma ta hana kakarsa yi mai aski.

Amma duk wasan da na lissafa miki yana da wanda a ka yi da shi. Jika na wasa da kaka, taubashi na wasa da taubashi, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe. Ɗiya ba ta wasa da Baffanta, matsayin uba gare shi. Abin da Hassana ba ta sani ba ke nan, kuma shekara bakwai ba laihi ba ne. Ki ɗauke ta ku tai gidansa ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Tasa kuwa kada ki yada ta, amma kada ki yi jayayya da mai gidanki a kanta. Bari ƙura ta lafa.

Ɗalibin Zaure, Gidan Igwai:

Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika tambaya maimakon ki yi gaban kanki. Ni ina ganin maigidanki yana da hujja, ko da ba ita ya faɗa ba.

Dokokin Babanku sun yi kyau ƙwarai. Aya ta 11 cikin Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma ba ta ware shugaba ta ce shi a yi masa ba. Annabi Musa da Annabi Haruna, amincin Allah ya tabbata gare su, da aka aike su wurin Fir'auna, magana mai laushi aka umarce su da ita. Mahaifinku ya kiyaye wannan, ya kuma rufe da addu'a. Ba ni da ta cewa a nan.

Tsorona wani ne daban. Ke kin fara ganin tasar kina da wayo, kin san zafin da ya haife ta, kin ga takalmi ya tashi kin ga eriya ta karye. Hassana ba ta ga wannan ba. Abin da ta gani kawai shi ne duk babban da ya ce "zan yi", ana jefa gujiya a yi dariya. Yaro ba ya rarrabewa. Abin da zai zauna a zuciyarta shi ne alkawari abin dariya ne, kuma wadda ta tashi da wannan, gobe ita ma nata alkawarin ba zai yi mata nauyi ba. Saɓa alkawari kuwa kin san yana cikin alamomin munafunci guda uku da hadisi ya ambata. Muna kuka da shugabanni kan wannan ciwo, kada mu shuka shi a ɗakunanmu ba mu sani ba.

Da ni ne, dabinon zan ƙarfafa. Ki bar ta ta ga ana cika alkawari a cikin gida ana jefa dabino: babanta ya ce zai kawo littafi ya kawo, ke kin ce za ki yi mata kitso Juma'a kin yi. In ta ga dabino ya fi gujiya yawa a gidanku, za ta gane da kanta cewa laifin na mai saɓawa ne.

Mai Kabu-kabu, Dandima:

Anti, ni dai kin tuna min da teburin mai shayinmu. Mu ba gujiya muke yi ba. In an sa jawabi, sai a kashe muryar talabijin, wani abokinmu da ya taso a kasuwar albasa ya tsaya gefe ya riƙa sa wa bakin mai jawabi magana, kamar yana cinikin buhu da dillali. In ya ɗaga hannu sai ya ce "albarka", in ya gyara tabarau sai ya ce "ƙara dai Alhaji", in ya juya takarda ya ce "to kawo kuɗin". Wani lokaci hannun da maganar su dace daidai har mai shayi ya zubar da madara.

Malam na sama ya yi gaskiya kan yara, ban ja ba. Amma ina so ya san halin da muke zuwa teburin nan da shi. Mutum ya wuni cikin ranar Sakkwato, watan Afrilu, ya zuba mai da tsada, fasinja na yi masa ciniki kan naira hamsin, ya dawo abin da ya rage bai kai kuɗin cefane ba. Sai a sa masa wanda ke cewa komai na tafiya daidai. Na ga ranar da ba a yi wasan nan ba saboda abokin namu ya yi tafiya Illela. Gardama ta tashi tsakanin mutum biyu da suka shekara goma suna shan shayi tare, har aka kai ga riƙe kwala. Ranar da yana nan kuwa, na wannan jam'iyya da na waccan benci ɗaya suke dariya. Ki lallaɓa maigida, Anti.

'Yar Sabon Birni:

Ni daga gabas muka taso, shekara uku ke nan muna zaune gidan ɗan'uwa a Sakkwato saboda 'yan bindiga. Gonarmu na can, ba mai zuwa.

Surukata tsohuwa ce, rediyonta kullum yana kunne, Rima ko BBC. In an fassara jawabi tana amsa kowane alkawari da "Allah shi ba mu rai", yara na dariya, ita ma tana murmushi. Amma da an zo kan tsaro, an ce an samu gagarumar nasara, sai ta miƙa hannu ta ɗauki faifai ta rufe rediyon da shi, kamar yadda ake rufe ƙwaryar hura. Ba ta kashewa. Muryar na fitowa ƙasa ƙasa daga ƙarƙashin faifai har a wuce wurin, sannan ta buɗe. Farkon da ta yi haka ƙaramin ɗana ya tambaye ta dalili, ta ce kada ƙuda ya faɗa ciki. Yara suka yi dariya, yanzu ma rige-rigen kawo mata faifan suke yi. Ni na san ɗanta take tunawa, wanda aka tare a hanyar kasuwa.

Ban hana su dariyar ba, don ita kanta ba ta hana ba. Kada ki raba yaranki da tasar kakarsu. Ki dai gaya musu labarin takalmin da eriyar, su san daga inda ta fito.

Maman Tawai, Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta kowace amsa fiye da sau ɗaya. 'Yar'uwata ta Sabon Birni, na yi kuka da na karanta taki. Allah ya jiƙan wanda kuka rasa, ya mayar da ku gida lafiya.

Baba na Kanwuri, na bi shawararka. Jiya bayan la'asar muka je da Hassana, ta durƙusa ta ce Baffa ya yi haƙuri. Ya ɗaga ta ya ce ba komai, amma ya ce mini abin ya yi masa zafi ne saboda da gaske yake nufin sayen keken, har ya tambayi kuɗinsa a kasuwa. Wannan maganar ta fi komai taɓa ni, kuma ita ta sa na gane abin da Malam na Gidan Igwai ke nufi. A hanyar dawowa na ba ta labarin Kakanta da rediyo tun daga farko. Ta tambaye ni ko an gyara eriyar. Na ce da wayar kwano aka ɗaure ta, kuma a haka rediyon ya ƙare rayuwarsa.

Maigidana bai sauya magana ba, ni kuma ban sake tayar da ita ba. Yau da safe na naɗe tasar cikin ɗankwali na kai ta Rijiyar Dorawa. Baba ya tsufa, ido ya yi rauni, amma yana taɓa ta ya gane. Ya juya ta a hannu, ya ƙwanƙwasa gindinta da farce, ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce in tambayi babansu izini in kawo masa tawai da sassafe ranar 1 ga Oktoba, shi zai riƙe tasar da kansa, kuma in taho da dabino, na gidan ya ƙare.